Fangali Na Huɗu

Ina tsugune a ƙofar gida ina ba shuka ruwa sa'ad da motar ta tsaya. Sojoji biyu suka fito, ɗaya ya cire hularsa tun kafin ya iso inda nake. Bai gama magana ba na gane. Abin da nake iya tunawa shi ne butar hannuna ta ci gaba da zuba a kan ƙafata har ta ƙare.

Maigidana soja ne. Hutunsa na ƙarshe ya faɗo a tsakiyar bazara, kuma a filin ƙofar gidanmu na Zuru ya ƙarar da shi. Ya ce idan ya ajiye aiki yana son ya zauna a gaban furanni irin na bariki. Ya auna fangali huɗu da igiya, ya kafa turaku a kusurwoyi. Ya yi ta ɗebo duwatsu daga rafi a bayan babur, ya shafe su da farar ƙasa ɗaya bayan ɗaya, ya jera su a gefe. Irin kuwa a cikin ledojin ruwa muka raine shi. Ranar da zai koma ya ce mini, "Ki riƙe mini su da rai zuwa ruwan farko. In na dawo mu dasa tare."

Na shiga takaba. Mai takaba ba ta fita sai da lalura, filin kuma yana waje, gaba da zaure. Ƙanwata da ta zo zama da ni ita ke ba ledojin ruwa, ta dawo ta gaya mini wanne ya ƙara ganye.

Gidan yayan maigidana yana jikin namu, katanga ɗaya ce tsakani. Saura kwana biyu sadakar arba'in ya kawo awaki biyar daga kasuwar Kanya, biyu na yanka, uku na kiwonsa. Ya duba bai ga inda zai ɗaure su ba, sai ga turaku a kafe, ga igiya a miƙe. Ya yanyanka igiyar ya ɗaure su a nan. Da ƙanwata ta shigo da gudu na tashi na tsaya a bayan ƙyauren zaure.

Na ce, "Yaya, awakin nan suna kan shukar ƙaninka."

Ya ce, "Wace shuka? Wanga haki? Ke da ke cikin takaba, fulawa ce ta dame ki? Mi za ki yi da ita, miya?"

Mazan da ke zaune tare da shi suka yi dariya. Ba mai yawa ba, amma na ji ta. Kafin la'asar babu ko ganye ɗaya. Ranar sadaka masu girki suka nemi murhu, ya nuna musu fararen duwatsun. A kansu aka dafa abincin da aka raba domin mai su.

Ban ƙara ce masa komai ba. Yana shigowa gaisuwa, ina amsawa. Ruwan farko ya sauka ina ɗaki ina jin ƙanshin ƙasa. Kusan duk damina ta wuce a kan filin nan babu abin da ya tsiro sai ƙaiƙayi, Yaya kuma ya mai da wurin hanyar babur ɗinsa.

Ranar da na fita takaba, bayan wanka da addu'a, ba gidan kowa na fara zuwa ba. Fartanya na ɗauka. Kowa ya ce lokaci ya wuce, damina ta zo ƙarshe. Na sani. Na nemo ramukan turakun da yatsana, na mayar da sababbi daidai inda ya kafa nasa. Ƙasar ta yi tauri saboda tayar babur, sai da na jiƙa ta kwana uku kafin ta karɓi fartanya. Taki kuwa daga garken Yaya na kwaso da rana tsaka, ban tambaye shi ba. Awakinsa sun ci, sai su mayar.

Duwatsun na tattaro daga bayan gida, baƙi ƙirin da hayaƙi. Na wanke su da toka da soso, na sake shafa farar ƙasa. Guda ɗaya, mafi girma, na bar shi da baƙinsa, na ajiye shi a kusurwar da ke kallon ƙofar Yaya.

Iri na samo wurin wata tsohuwa a unguwarmu, ita ma matar soja ce da ya rasu. Ta yanko mini lalle, da wata mai jan fure siriri kamar takarda, mai ƙaya. Da zan tafi na ga wani itace a bayan ɗakinta, dogayen ganye, fure ruwan hoda. Na miƙa hannu.

Ta ce, "A'a, ɗiyata, bar wannan. Akuya ta ci ganyensa ba ta kwana."

Na ce, "Inna, ba ni reshe biyu."

Ta dube ni. Ta ce, "Kin san dai abin da na gaya miki." Sannan ta yanko.

Fangali na ɗaya da na biyu na sa lalle. Na uku shi ne ya ratsa hanyar babur, a nan na dasa mai ƙayar, kusa da kusa. Safe da yamma ina jan guga a rijiya har tafin hannuna ya yi kanta. Da mai ƙayar ta kama, Yaya ya tsaya da babur a bakin duwatsun.

"Yanzu ta ina zan bi?"

Na ce, "Ta inda kake bi lokacin da yake da rai, Yaya."

Ya dubi baƙin dutsen, ya juya. Tun daga ranar yana zagayawa ta bayan masallaci. Na ɗauka zan ji sanyi a raina. Na ji, amma kaɗan.

Fangali na huɗu yana jikin katangar garkensa, inda awakin ke leƙo da kai. Na haƙa shi, na zuba taki, na jera duwatsu. Rassan nan biyu sun yi saiwa a cikin gwangwanin madara a bayan ɗakina, inda babu dabbar da ke kaiwa. Sau biyu ina ɗauko gwangwanin har zaure, in mayar. Awakin ba su san kome ba, kuma ba don wannan maigidana ya auna wurin ba. Amma Yaya bai taɓa cewa ya yi kuskure ba, ni ma ban zubar da gwangwanin ba. Kullum ina ba shi ruwa.

Damina biyu ke nan, fangali na huɗu har yau ban dasa kome a cikinsa ba.