Kwalbar da Torleiv Bai Cika Ba

Yayana Torleiv bai taɓa aure ba, kuma ban ga macen da za ta zauna da mutumin da ke gaida kifi kafin ya gaida mutane ba. Muna yara, rafin bayan gonarmu a yankin Agder, can ƙasar sanyi da ƙanƙara, cike yake da kifi mai ɗigon ja. Sai masu masana'antu na ƙetaren teku suka yi ta turo mana hayaƙinsu, ya riƙa saukowa cikin ruwan sama mai tsami, ya kashe komai. Su suka kwashi riba, mu muka kwashi gawa, har yau ko sannu ba su ce mana ba.

Torleiv ya tsamo 'yan tsirarun da suka rage, ya zuba su a tanki cikin ɗakin shanu, ya yi ta renon zuriyarsu har ya yi furfura. Irin rafinmu ke nan kaf, babu su a ko'ina. Burinsa ɗaya, ya mayar da su gida kafin ya mutu.

Da hayaƙin ya ragu, wata mai gwajin ruwa a birni ta aiko masa da kwalba, ta ce ya cika ta maƙil, ya toshe gam. Ina tsaye ya ɗebi rabi.

"Yaya, ba cewa ta yi a cika ba?"

"Ke Gunvor, kin taɓa ganin ɗan ƙasar nan ya cika kwalba da hunturu? Ƙanƙara ta fasa ta a akwatin wasiƙa? Su 'yan birni ai ɗakinsu da ɗumi."

Har murfin ya sassauta, kamar yadda Innarmu ke yi wa kwalaben ruwan 'ya'yan itace. Sakamako ya dawo: tsami ya tafi. Torleiv da ba ya dariya ya wuni yana fito.

"Ka rage ko guga ɗaya a tanki, don Allah," na ce masa.

"In raba iyali? Ke dai tun kina yarinya bakinki bai iya alheri ba."

Ya juye kifayen duka a rafi.

Da dusar ƙanƙara ta narke, sai ga su a kan ruwa, ciki a sama. Matar ta zo da kanta, ta auna ruwan a bakin rafi, ta dafe kai. Ta ce saiwoyi da ruɓaɓɓun ganye suna cika ƙasa da wata iska, ruwan da ke ɓulɓulowa daga ƙasan yana fitowa da ita, ita ke ƙara masa tsami. A kwalbar da ba ta cika ba iskar ta sami hanya ta fice, ruwan ya isa birni kamar lafiyayye.

"Baba, wa ya ce ka bar mata sarari?" ta tambaye shi.

Ni kuwa na ji kamar in rufe shi da duka, in haɗa da ita da ba ta faɗi dalili tun farko ba, in haye teku in ƙarasa da masu hayaƙi. Taurin kansa ne ya kashe su, amma wa ya sa tsoho renon kifi a ɗakin shanu tun asali?

Har yanzu yana aika kwalba, cike maƙil, a naɗe cikin safar ulu. Bana sakamako ya zo, rafin ya warke da gaske. Ya karanta, ya aje, ya tafi ɗakin shanu. Na bi shi na tarar yana wanke tankin da babu komai a ciki.