Ranar Da Kawu Ya Zo Ganin Motata

Abubuwa da yawa sun same ni a rayuwa na manta da su, amma ko an tashe ni daga barci ba zan manta yammacin da wani dattijo ya tsaya a ƙofar ɗakina a Magarya ba, riƙe da igiyar rago, yana tambayata inda na ajiye motata. Shekaru sun ja, furfura ta fara leƙowa a gemuna, amma har yau in na tuna sai in ji kunya ta kama ni, ko da ni kaɗai ne a ɗaki.

A lokacin ina koyar da yara a lakwal, wato makarantar boko, ina samari, ga ƙuruciya ga jin kai. Dukiyata a duniya biyu ce: jan babur, da na'urar wasa da ake jonawa da tele, wato talabijin, wadda muke ce wa konsol. Kullum bayan la'asar abokaina sukan taru a ƙofar ɗakina, a ɗora shayi, a fito da tele, mu yi ta tseren motoci har a kira magariba. Ba yabon kai ba, babu mai kama ni a unguwar. Shi kuwa babur, aikinsa ya fi na konsol muhimmanci, ko da yake a lokacin ban san haka ba. Shi ke kai ni wani ƙauye a gefen Kwaya duk ƙarshen mako, wurin wata yarinya da nake nema. Magana ta yi nisa, manya sun gaisa, an kai goro, saura kawai a tsayar da rana.

Ana cikin haka sai waya ta ɓata ni. Na fara kallon wasu mutane a ƙasashen waje da ke tseren mota a kwamfuta. Ba da ƴan maɓallai a hannu suke yi ba irin namu. Suna zaune a kujera, ga sitiyari na gaske, ga totur da birki a ƙarƙashin ƙafa. In motar ta taka rami sitiyarin ya girgiza, in taya ta yi zafi mutum ya ji a hannunsa. Tun daga ranar konsol ɗina ya fita daga raina. In na riƙe shi sai in ji kamar ƙato da kayan wasan yara.

Wata guda cur muna gardama a kan maganar. Abokina mai shagon cajin waya ya ce in zauna inda Allah ya ajiye ni. "Konsol ka jona ka kunna, shi ke nan. Ordinatar kuwa, kwamfutar nan da kake so, yau ta ce tana son wannan, gobe ta ce rezon intanet bai ishe ta ba. Kuma mutum ɗaya take ɗauka, mu sauran mu yi ta kallon ƙeyarka?" Wani kuma da ya yi karatu a Kano ya ce ai wanda bai yi tsere a kwamfuta ba bai fara ba tukuna. Na saurari kowa da kyau, na gyaɗa kai irin na masu hankali, sannan na ɗauki shawarar da na riga na yanke tun kafin in tambaye su. Albashin malami ba ya sayen irin wannan kaya, don haka na sayar da babur. Na ce wa kaina ai ga ƴan kabu-kabu nan ko'ina, babur kuma ana sake saye.

Kayan ba su zo lokaci ɗaya ba, kuma nan ne gizo ya yi saƙar. Sitiyari ya fara isowa daga Kano a hannun wani direba, kwalinsa ya yage a hanya. Haka na rungume shi tsirara na ratso tasha da bakin kasuwa, ina tafe ina amsa gaisuwa. Bayan kwanaki totur da birki suka iso. Daga nan na je wurin masu gyaran mota na sayi kujerar wata matacciyar mota, aka ɗoro mini ita a kura har gida, mai walda kuma ya zo ya yi ta aune-aune yana haɗa ƙarafa a ƙofar ɗaki.

To, a wurinmu talaka ba ya sayen babban abu a tashi ɗaya. Wanda zai yi gini, bana ya sayi ƙofa ya jingine, baɗi ya sayi kwano, wata shekara taga. Kowa ya san haka, kowa haka yake yi. Saboda haka da mutane suka ga malamin lakwal ya sayar da babur, ya sayi sitiyari, ya sayi kujera, ya sayi birki, ba su sha wahalar lissafi ba. Labari ya hau motar kasuwa ya riga ni isa ƙauyen surukai: Mushe, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a wurinmu, yana haɗa mota guntu-guntu.

Ni kaɗai ne ban sani ba. Na dai lura da na je zance a bayan ɗan kabu-kabu, maimakon a raina ni sai aka shimfiɗa mini sabuwar tabarma, aka yanka zabo. Mazan gidan suka zo gaishe ni ɗaya bayan ɗaya. Wani ya ce, "Mushe, an ce aiki ya yi nisa?" Na ce, "Alhamdu lillahi, saura babban, yana hanya daga Kano." Suka ce Allah ya kawo shi lafiya. Ni kuwa raina fes, ina mamakin yadda ilimin zamani ya shiga ƙauye har manoman gero sun san darajar kwamfuta. Yarinyar ce kaɗai ba ta yi murna ba. Da muka keɓe ta tambaye ni, "Ina babur ɗinka?" Na ce, "Na sayar. Wani abu nake haɗawa, sai kin gani." Ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafinta. Na ɗauka kunya ce.

Kwamfuta ta iso, aka jona komai, kuma gaskiya ɗaya ce, abin ya yi daɗi. Na kusa daina cin abinci. Ranar kasuwar Magarya, bayan la'asar, ina zaune a kujerata ina fama da wata kwana, sai na ji sallama. Na fito na tarar da kawun yarinyar, ƙanin mahaifinta, wanda shi ne zai ba da aurenta. Dogon mutum ne mai ƙarancin magana. Yana riƙe da ragon da ya saya don sunan jikarsa, ga buhun gishiri an sauke masa a gefe. Na durƙusa na gaishe shi, abokina mai shagon caji ya miƙa masa shayi.

Bayan an gama gaisuwa ya duba dama, ya duba hagu, ya leƙa lungun da ke bayan ɗaki. Sannan ya ce, "Mushe, ina ka ajiye ta?"

Na ce, "Wa, Kawu?"

"Motar mana."

Abokina ya shaƙe da shayi, ya miƙe ya ce ya bar shago a buɗe. Har yau ban yafe masa wannan gudun ba. Ni kuwa a tsaye a wurin komai ya dawo mini: sabuwar tabarma, zabo, gaisuwar mazan gida. Da ina da wayo da na zaunar da dattijon nan na yi masa bayani a hankali. Amma wani tunanin banza ya zo mini, wai idan ya ga abin da idonsa zai burge shi. Na ce, "Bismilla, Kawu, tana ciki."

Ya dubi ƙofar ɗakin, wadda ko jaki ba zai shiga da kaya ba, ya dube ni. Ya ɗaure ragon a jikin taga, ya cire takalmi ya shigo. Irin wannan sitiyarin yana da wata ɗabi'a: duk lokacin da aka kunna shi sai ya juya da kansa, dama har ƙarshe, hagu har ƙarshe, kafin ya tsaya. Garin rawar jiki na taka wayar wuta, abin ya mutu, na sake kunnawa. Sitiyari ya hau juyawa babu hannun kowa a kai. Kawu ya ja da baya har ya bugi bango, yana a'uziyya a hankali.

Na ce, "Ba komai, Kawu, gwada kansa yake yi." Na zauna na kama tuƙi, ina bayani kamar ina gaban allo: wannan ƙasar Turawa ce, waɗancan motocin mutane ne na gaske a wasu ƙasashe, ga ruwan sama a gilashi, ga zafin taya. Ban kai kwanar farko ba na daki katanga, motar ta wuntsila, sitiyarin ya fizge ya buge mini babban yatsa. A waje rago ya yi kuka.

Kawu ya daɗe yana kallo. Ya sunkuya ya duba ƙarƙashin kujerar, ina jin tayoyi yake nema. Ya ɗago ya ce, "To, ta ina take fita?"

"Ba ta fita, Kawu."

"Ko an gama haɗa ta?"

"An gama. Haka take."

Sai ya ce, "Babur ɗin fa?"

Na nuna kujera da sitiyari da kwamfuta, na ce, "Shi ne wannan."

Ya gyaɗa kai a hankali, irin na wanda aka yi wa ta'aziyya. Sai a lokacin ya faɗa mini abin da ya ƙarasa ni. Motar da ta kawo su kasuwa ta riga ta juya. Direban ya jira shi, shi kuma ya ce ya tafi abinsa, a gaban mutanen garinsu, don yau surukinsa ne zai mayar da shi gida.

Na fita da gudu. Ƴan kabu-kabu duk suka ƙi, wa zai ɗauki dattijo da rago da buhun gishiri cikin wancan yashi? Da ƙyar na samu wani mai amalanken shanu daga ƙauyen da ke kusa da nasu, na roƙe shi kamar zan yi kuka. Kunya ba ta bar ni in tsaya a baya ba, na hau na raka su. Haka zakaran tseren motoci na unguwarmu ya fita daga Magarya a bayan amalanke, rungume da rago, shanu na tafiya yadda suka ga dama. Duk tsawon hanyar Kawu carbinsa kawai yake ja.

Mun isa ana shirin sallar magariba, muka tarar da jama'a a gindin bishiyar bakin gari, maza da yara, har mata na leƙe ta saman danga. Mota suke jira. Wani tsoho ya ɗaga murya ya ce, "Malam, ina motar?" Kawu ya sauko, ya kakkaɓe rigarsa, ya ce, "Tana ɗaki, tana hutawa. Mushe ya rako ni, Allah ya yi masa albarka." Da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi.

Na koma gida ina lallashin kaina cewa abin dariya ne, za a yi a gama. Na tsara yadda zan ba yarinyar labarin har ta yi dariya, in kuma nuna mata ni ban taɓa cewa ina da mota ba, mutane ne suka ƙirƙira. Da na same ta a waya na zuba duk wannan, ta bar ni har na gaji. Sannan ta ce, "Mushe, ni ban taɓa tambayarka mota ba, kuma ban taɓa yarda da zancen ba. Babur ɗin ya ishe ni. Tun daga nesa nake gane ƙararsa. Ka tambayi abokanka wata guda, ka sayar da abin da ke kawo ka wurina, ni ko a hira ba ka faɗa mini ba. Ba dariyar mutane ce ta dame ni ba."

Duk gardamar da na iya, duk hujjojin da na tara a kan konsol da kwamfuta, babu ɗaya da ta yi mini rana. Bayan ƴan makonni aka aiko wa iyayena cewa a dakata da maganar, kuma daga baya na ji ita ce da kanta ta ce a dakata. Bayan kaka aka ɗaura mata aure da wani. Na yi baƙin ciki ƙwarai, kuma babu wanda zan ɗora wa laifi, garin neman gira na rasa ido.

Har yanzu samari kan zo su tambaye ni ko su bar konsol su koma kwamfuta, don sun ji an ce na san harkar. Ba na yi musu ƙarya, nakan ce a wajen tseren mota kwamfuta ta fi, nesa ba kusa ba. Amma nakan ƙara musu da abin da na koya da tsada: kafin ka canja wani abu, duba me za ka saki don ka same shi, kuma duba ko akwai wanda ke da rabo a cikin abin da za ka saki ɗin. In akwai, shi za ka fara tambaya, ba abokan shan shayi ba.