Hazna a ɗakin mahaifinsu

Cikin duk gidajen da na shiga da injin huda bango a Jidda, akwai wani a unguwar Ammariyya da har yau bai fita raina ba. Ku da kuka fara aikin nan kwanan nan, ga yadda aka yi.

Lokacin ban daɗe da zuwa daga Katsina ba, ina sashen kafa hazna, wato akwatin ƙarfen da ake kulle bindiga a ciki. Ƙa'idar aikin ba ta da yawa. Mai gida zai nuna maka lasisin bindigarsa, ka duba bangon da zai riƙe ƙusa, ka kafe akwatin yadda ba mai iya ɗaga shi, sannan kowa ya fita ya bar shi ya sa lambar sirri shi kaɗai.

Wata safiya mudir ɗinmu, wato shugaban sashenmu, ya tura ni gidan wani Abdullahi, haifaffen Jidda, ɗan ƙasa, jikan alhazan da suka zo suka zauna. Bindigar farauta ce ta mahaifinsa, da tsohon ya rasu aka mayar da lasisin sunansa. Muna hawa bene ya rage murya ya yi mini bayani. Ƙanensa Idrisu ya fito daga kurkuku a makon nan, bayan shekaru a ciki saboda faɗan da ya yi har ya ji wa wani mummunan rauni. Yana can mahaifinsu ya rasu.

"Na je ofishin lasisi na tambaya," in ji Abdullahi. "Suka ce kada hannun Idrisu ya kai gare ta ko da wasa, in ba zan iya ba in miƙa ta. Na ce halas, shi ke nan, zan miƙa. Idrisun ne ya hana ni."

Idrisu ne ya kawo mini shayi. Siriri ne, furfura ta fara fito masa, yana magana a hankali.

Na bi ɗakuna ina ƙwanƙwasa bango. Tsohon gini ne, ko'ina na sa injin sai ƙasa ta zubo. Bango ɗaya ne mai kankare, na ɗakin marigayin. A nan kuwa aka shimfiɗa wa Idrisu katifa, ga jakarsa, ga dardumar tsohon a ninke a kan matashi.

Na ce, "Alhaji, nan kaɗai zai riƙe. Amma ɗakin da hazna take, mabuɗinsa a hannun mai lasisi yake zama."

Abdullahi ya ce, "To a fasa. Ya ahuya, ɗan'uwana, tun kana ciki kake ce mini ɗakin Baba kake so."

Idrisu ya dubi katifar. Sannan ya ce, "Yaya, in ka miƙa ta, ba za ta dawo ba. Ni ɗakin saman rufi ya ishe ni." Ya naɗe katifar da kansa. Dardumar kaɗai ya tambaya ko zai ɗauka.

Da na gama kafewa, Abdullahi ya fito da bindigar daga tsumma. Idrisu ya mayar da hannuwansa baya ya riƙe, ya ce, "Juyo mini da ita in gani." Aka juya masa. A jikin ƙotar akwai wata tsaga da aka ɗaure da waya. Ya yi murmushi.

Muka fita ni da shi muka tsaya a matakala, muna jin ƙarar maɓallan daga ciki. Ya ce mini ran Alhamis mahaifinsu kan ɗauke su a tsohuwar motarsa su fita daji, shi ne mai riƙe ruwa, Abdullahi mai riƙe harsashi. Tsagar nan shi ya yi ta, ya yar da bindigar a kan dutse yana yaro, tsohon bai ko yi masa faɗa ba.

"A kurkuku ba abinci nake mafarki ba," ya ce. "Ƙamshin man da yake goge ta da shi nake ji. Yanzu da Yaya ya buɗe tsumman, na ji shi."

Abdullahi ya fito ya kulle ɗakin, ya rasa inda zai sa mabuɗin a gaban ƙanensa. Idrisu ya ce, "Sa a aljihu, Yaya. Yalla, mu je, taya ni kai katifa sama." Suka kama ta gefe da gefe suka hau.

Ban sake komawa gidan ba, kuma ban san ko ya taɓa kwana a ɗakin nan ba. Nakan so in sani.

A wannan sana'a za a koya muku ƙarfe da ƙusa, kuma doka a bayyane take, ku bi ta. Amma duk hazna da kuka kafa, akwai wanda aka kafa ta dominsa, wani lokaci ma shi ne zai miƙo muku shayi. Ku gaishe shi da kyau, ku duba idonsa.