Modem a Kan Muciya

Babana kwaɗon kulle ƙofa yake sayarwa a titin Koudoukou cikin birnin Bangi, kuma a iya saninsa abin da ba shi da nauyi ba shi da gaskiya. Haka yake sayen komai. Buta ce, fitila ce, takalmina na makaranta ne, sai ya ɗora a tafin hannu, ya ɗaga sau biyu, ya lumshe ido. In hannun ya yi ƙasa, ciniki ya faɗa. A kan kwaɗo bai taɓa kuskure ba, shi ya sa ba wanda ya taɓa gaya masa akwai kayan da ba haka ake zaɓensu ba.

Ina shekara goma sha uku, muna dogon hutu, lokacin da Yaya ta nemi makarantar ungozoma a Maraɗi. Takardunta sun wuce, saura ganawa da malamai. Suka rubuto cewa ba sai ta yi tafiya ba. Ranar Alhamis da ƙarfe goma na safe za su yi mata tambayoyi ta kwamfuta, suna ganinta tana ganinsu. A ƙasan takardar an sa cewa wadda layinta ya yanke, sai baɗi. Yaya ta riga ta yi shekara guda a gida tana jiran wannan damar, tana wanke-wanke tana haddace sunayen ƙasusuwa.

Kwamfuta muna da ita, tsohuwar laftof da kawu ya kawo daga Duwala. Batirinta kan yi awa ɗaya da 'yan mintoci. Wayar Yaya kuwa in ta yi minti goma tana aiki sai ta ɗau zafi ta kashe kanta. Shagon intanet na unguwarmu janareta ne a bakin ƙofa, samari a ciki suna musun ƙwallo. Saboda haka aka ce a sayi modem, na'urar da ke jawo intanet.

Ranar Litinin bayan la'asar Baba ya tafi da ni, don ni ce mai karanta Faransancin jikin kwali. Mai shagon ɗan Damagaram ne, bai daɗe da zuwa Bangi ba. Hausarsa cikakkiya ce, irin wadda ke sa in ji tawa duk faci ce da Sango, yaren garin nan.

"A'a! Mai kulle gidajen mutane ne yau a shagona?" in ji shi. "Alhaji, bismillah. Bari in matsar da kayana."

"Kai da ka zo jiya har ka iya tsiya," in ji Baba. "Fito min da abin intanet, mai gaskiya."

Ya jera uku a kan teburi. Na farko baƙin akwati ne mai ƙaho biyu. Na biyu kamar sabulun wanka da ya kusa ƙarewa, yana da batirinsa. Na uku bai fi babban yatsa ba, a gefen laftof ake soka shi, shi ne a nan ake kira kile.

Baba ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya. Da ya zo kan ƙaramin, sai ya dubi mai shago.

"An manta ba a sa komai a ciki ba ne?"

"Haka yake, Alhaji. Ba siminti ka zo saye ba."

"Wannan ko akurkin kaji ba zan ba shi tsaro ba."

Aka gwada mai ƙahon nan take. Fitilunsa suka kama, hoto ya buɗe kafin a ƙifta ido. Ni kuma na ga wayarsa ta bi ta ƙarƙashin teburi ta shiga bango, na kuma ga dogon ƙarfen nan na kamfanin waya tsaye a bayan shagon, har inuwarsa tana taɓa ƙofa. A wurin nan ko cokali aka soka wa laftof zai kawo intanet.

Baba ya miƙo mini kwalin. "Me aka rubuta?"

"An ce yana da sauri."

Abin da aka rubuta ke nan, abin da kuma aka tambaye ni ke nan. Na ɗauko akwatin a ka muka taho gida.

Da magariba aka kawo wuta, akwatin ya yi aiki. Inna ta ɗora shi a kan kabad, ta rufa masa ƙyallen da take rufa wa kwanukan baƙi. Kowa ya yi hamdala.

To, ni ce mai ƙulla wa Inna ruwan ƙanƙarar da take sayarwa, don haka na san halin wutar layinmu fiye da yadda na san halin wasu 'yan'uwana. Takan zo da yamma, ta tafi kafin asuba. Rabona da ganinta da hantsi tun ƙaramar Sallah. Akwatin Baba kuwa ba ya numfashi sai da bango.

A gidanmu magana ba ta tashi daga wurina ta faɗa kunnen Baba kai tsaye. Nakan gaya wa Yaya, Yaya ta gaya wa Inna, Inna ta jira Baba ya ci abinci. Na gaya wa Yaya da Sango tana tsakiyar karatu, ta ce "uhm" ba ta ɗago ba. Ta gaya wa Inna washegari tana dakan ganyen rogo. Ranar Talata da yamma maganar ta isa. Ina bayan labule na ji Inna tana cewa, "Yarinyar nan fa ta ce akwatin bai yi mata ba."

"Ita za a ɗaura wa a wuya?" in ji Baba. Ya ci gaba da cin gozonsa, tuwon garin rogo.

Ranar Laraba da safe na kai masa shayi. Na ajiye, ban tashi ba. Na ƙura wa tabarma ido, a daidai wurin da zare ja ya tsinke.

"Lafiya?"

"Baba, gobe ƙarfe goma ne."

"Na sani."

"Ba a kawo wuta ƙarfe goma."

Ya dubi ƙwan fitilar da ke rataye, a mace. Ya dubi kabad. Ya kurɓi shayi sau biyu.

"Tun yaushe kika san haka?"

"Tun a shago."

"Me ya hana ki faɗa?"

"Kwali aka ce in karanta."

Bai yi faɗa ba. Ya sa hula ya fita da akwatin a hammata. Bai yi awa ba ya dawo da sauran biyun a aljihu, da sim na kamfanoni biyu, da wata doguwar waya ta ƙari. Mai shagon ya ce a gwada a gida, wanda ya yi a riƙe, kamar yadda dillaliya kan bar wa Inna atamfa ta kwana. Baba ya ce har da habaici ya haɗo masa, wai a auna su da sikelin nama a ga wanda ya rinjaya.

Ya zube su a gabana. "To, malama. Ƙarfe goma ta kusa. Gwada."

Mai kama da sabulu sim ɗin kamfani ɗaya kawai yake karɓa, haka aka rubuta da ƙananan haruffa a gindinsa. Na san wannan layin. Duk baƙon da ke da shi, in an kira shi a gidanmu, sai ya fita har bakin titi yana "Alo? Alo?" kamar mai kiran akuya. Masu ɗaya layin kuwa a bakin rijiya suke tsayawa, su yi hirarsu a hankali, har su yi gulma. Na sa wa ƙaramin sim ɗin layi na biyun nan, na soka shi a laftof.

Yana da 'yar fitila kamar ƙwayar gero. In ta yi kore, hoto yakan daskare, mutum ya tsaya da baki buɗe. In ta yi shuɗi, komai yana tafiya. A cikin ɗaki, ƙarƙashin rufin kwano, kore ce. Na ɗora laftof a faranti na zaga gidan da ita kamar mai talla, Baba yana biye da ni da hannu a baya. Zaure kore. Madafa kore. A tsakanin tagar ɗakin Inna da rijiya, sama da kaina kaɗan, ta yi shuɗi.

Muka zura doguwar wayar ta taga, muka ɗaure modem ɗin a kan gorar shanya. Yaya ta kira kawu a Duwala, suka yi rabin awa bai daskare ba ko sau ɗaya. Baba ya dubi abin a can sama, iska tana kaɗa shi.

"Allah mai iko," in ji shi. Bai ce ya yarda ba.

Alhamis gari ya waye da hadari. Baba bai buɗe shago ba, ya ɗauki kujera ya zauna a ƙofar gida yana korar masu talla da masu babur. Yaya ta sa farin mayafi, ta zauna a gaban laftof. Saura minti biyar, fitilar ta koma kore.

"Ke!" in ji Yaya ta taga. "Ke, duba min!"

Na kwance modem ɗin daga gora. Abin da ke kusa da hannuna muciyar Inna ce, da busasshen gozo a bakinta. Na ɗaure shi a jikinta da robar ƙanƙara, na kife turmi na hau, na ɗaga. Dama kore. Hagu kore. Na miƙe hannu iya tsawonsa, na karkata wajen rijiya, wayar ta miƙe har ba sauran ragowa. Shuɗi.

A lokacin na ji wata mata daga cikin laftof tana gaisuwa da Faransanci.

Ba halin in sauka, ba halin in sauya hannu, don wayar ba za ta kai ba. Na tallafi gwiwar hannun dama da na hagu. Ina jin Yaya tana ba da amsa kan jini da zazzaɓi da abin da ake yi in jariri bai yi kuka ba. Da farko tana sarƙewa, daga baya ta saki. Ƙuda ya sauka a hancina ya yi abin da ya kawo shi ya tafi. Yayyafi ya fara, Inna ta zo da faifai ta riƙe a saman modem ɗin, ni ba ta rufe ni ba. Tana tsaye kusa da ni, kunnenta na wajen taga, ko da yake ba ta jin Faransanci. Na daina jin yatsuna. Idona yana kan ƙwayar geron nan.

Minti arba'in aka yi. Da matar ta yi sallama, hannuna ya ƙi saukowa, sai da Baba ya zo ya lanƙwasa shi da kansa. Ya karɓi muciyar, ya dube ta sama da ƙasa, ya miƙa wa Inna.

Bayan sati biyu amsa ta zo, an ɗauke ta. Kwana uku mata suna shigowa barka, Inna tana raba ƙanƙara kyauta.

Ranar tafiya muka raka Yaya tasha da sassafe, ta shiga motar kan iyakar Kamaru da jaka biyu da laftof ɗin. Inna ba ta yi kuka a tasha ba. Da muka dawo ta shiga madafa, ta ɗora tukunya, ta auna gari daidai na mutum huɗu, sannan ta tsaya ta rage. Ina gefe ina fifita gawayi.

"Ke ma dai," in ji ta. "Da kin ɗan sauke hannun nan ranar, da yanzu tana gida."

Ban san ko wasa take ba, don fuskarta tana cikin tururi.