Jirgin da Ya Koyi Gyaɗa Kai

Sannu-Sannu ake ce masa, don ko loma ba ya yi mata gaggawa. Shekara ashirin da biyu yana tsallakar da mutane tafki a ƙaramin jirginsa mai inji a baya.

Mijin 'yarsa ta fari makanikin babura ne. Wata safiya ya leƙa gindin jirgin ya ce, "Baba, injin nan ya nutse da yawa, ruwa na riƙe shi. Mu ɗaga shi huda biyu a jerin hudojin notin da ke riƙe da shi, za ka ga gudu."

Tsohon ba ya iya musa wa suruki, sai ya bar shi ya ɗaga.

Gudu kam ya ƙaru. Amma da jirgin ya miƙa, sai hancinsa ya tashi ya faɗi, ya tashi ya faɗi, kamar ƙadangare a kan katanga. Wata mai kaji ta sauka da ƙwai tara a fashe, ba ta ko yi masa sallama ba.

Surukin ya dawo da sifana, kunya ta ishe shi, yana neman kwance komai.

"A'a," in ji tsohon. "Abu ɗaya za mu taɓa a rana. In mun taɓa uku, wa zai gaya mana wanda ya yi magani?"

Ranar farko suka sauke injin huda ɗaya. Gyaɗa kan ya ragu. Washegari suka matsar da ƙarfen da ke tokare injin, ya ƙara kwantawa jikin jirgin. Gyaɗa kan ya sake raguwa, amma da sauransa.

Ungozomar da yake kaiwa asibitin ƙetare kowace Laraba ce, suna cikin tafiya, ta ce, "Kawu, ni dai na lura, in na zauna can gaba da akwatina, jirgin ya fi natsuwa."

Ya waiwaya. Jarkar mai biyu, batir, buhun igiya, da shi kansa, duk a gindi suke. Ya yi dariya har sai da ya rage wuta. A tsakiyar ruwa ya sa fasinjoji suka miƙa jarkokin gaba hannu da hannu, jirgin ya kwanta lamui.

Da surukin ya ji, ya ce a mayar da injin inda yake tun asali, a huta.

"Bar shi nan," in ji Sannu-Sannu. "Huda ɗayan da ta rage taka ce, kuma ta rage mini shan mai. Ɗauko noti mu ɗaure."