Jakin Abdussalami da Baƙin Alhamis

A duk gonakin audugar da ke kewayen Suki babu wanda ya kai Abdussalami ɗan Yakubu iya ban ruwa. Da ya taka ƙasa da tafin ƙafa zai gaya maka ko gona ta ƙoshi ko da saura. Shekara goma sha tara kuma ya yi yana shan aragi, giyar dabino, mutanen garinsu ba su ga abin tashin hankali ba. Dariya suke yi. A wurin biki har kiransa ake yi ya taka rawa. Matarsa Ma'u ce kaɗai ke janyo shi daga bakin tur'a, babbar hanyar ruwan nan, kafin ya gangara ciki.

Sau uku yayansa Alhaji Salih yana tara dattawa, a sa shi ya dafa Alƙur'ani. Haka ake yi a garin: ka rantse, a shafa fatiha, an binne magana ke nan. Sau uku yana komawa ruwa, don in ƙishin ya taso babu wanda zai gaya wa. Ai an ce ya tuba.

Wata ranar kasuwa a Suki, wani kafinta mai suna Bilyamin ya ga yadda kofin shayi ke rawa a hannunsa.

"Ya zol, bawan Allah, na san hannun nan," in ji shi. "Nawa ma haka ya yi shekara goma. Ka zo bayan shagona ranar Alhamis in an yi azahar."

Mutum bakwai ya tarar a ƙarƙashin rumfa, da butar gahawa a kan gawayi. Babu wa'azi, babu rantsuwa. Kowa ya faɗi yadda ya kwana da ƙishinsa a makon, sauran su saurara. Sun nemi ɗaki a wurare uku a cikin gari an hana su, shi ya sa suka ƙare a nan, ƙofa uku daga gidan mai sayar da aragi.

Jakin Abdussalami kuwa ya san gidan nan fiye da turkensa. Duk Alhamis sai ya toge a ƙofar, sai mai shi ya sauka ya ja shi da ƙarfi, warin aragi na dukan hancinsa, ya wuce. Wata takwas yana wuce ƙofar nan bai ɗiga wa harshensa komai ba, babu wanda ya ce masa sannu. Rana ɗaya wani mai sayar da albasa ya ga jakin a tsaye, kafin magariba har matan da ke bakin famfo sun ji wai Abdussalami ya koma shan aragi.

Alhaji Salih ya kwance jakin ya kai gidansa.

"Yaya, wallahi ban shiga ba. Wucewa nake yi."

"Wucewa zuwa ina? Wurin 'yan'uwanka mashaya? An ce duk mako sai ka buɗe baki ka ce kai mashayi ne. Mu mun rufa maka asiri, kai kana tonawa!"

"Rufin nan ne ya kusa kashe ni, Yaya."

"Kalas, magana ta ƙare! Wanda ya tuba ba ya zama da su."

Tafiya Suki ba jaki ta fi ƙarfin ƙafar mai shekara hamsin da takwas a tsakar rana. Alhamis uku suka wuce. A ta ukun Ma'u ta same shi a bayan ɗaki ya danne hannuwansa a ƙarƙashin cinya, zufa ta jiƙa masa riga. Ta ɗauki wayarsa ta nemo lambar kafinta.

Mazan unguwar ba sa cin abinci a cikin gida. Bayan la'asar ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar Alhaji Salih, kowane gida ya fito da tirensa, kuma ko wa ya gitta sai an rantse masa ya zauna ya ci. Tun kakanni ba a taɓa tashin baƙo daga tabarmar nan ba, Alhaji kansa da wannan yake taƙama.

Alhamis ta huɗu, ana wanke hannu, sai ga amalanken jaki ya tsaya da mutum bakwai.

"Salamu alaikum, baƙi ne daga Suki," in ji Bilyamin.

Alhaji ya gane su sarai. Ya dubi dattawa, dattawa suka dubi tire.

"Bismillah," ya ce, kamar ana zare masa haƙori.

Da aka gama ci Bilyamin ya fito da butar gahawarsa, ya juya ga Abdussalami kamar babu kowa a wurin.

"To, ɗan'uwa, yaya makon?"

Abdussalami ya dubi mutanen da suka yi shekara goma sha tara suna masa tafi.

"Da wuya," ya ce. "Jiya na kai har bakin titi da niyyar sha. Na dawo. Ban sha ba."

Wani dattijo ya tashi yana tsaki. Sauran suka zauna, don ba a barin baƙo a kan tabarma.

Da za su tafi Bilyamin ya ce, "Alhaji, tuwon gidanka da daɗi. Sai Alhamis mai zuwa, in Allah ya so."

Washegari da hantsi Ma'u ta leƙa, ta ga an dawo da jakin turkensa.