Hancin Omke Tjalling

Tjalling Wiersma ya yi shekara talatin da huɗu yana tantance cuku a masana'antar madara da ke bayan garinmu, Bolsward. Aikinsa shi ne ya ƙwanƙwasa dunƙulen cuku ya saurara, ya huda shi ya shinshina, sannan ya faɗi matakin da za a buga masa. Da ya yi ritaya sai ya kwaso idon da hancin ya kawo su ƙungiyarmu ta masu tara tsoffin kuɗin ƙarfe. Dukanmu Omke muke ce masa, wato kawu, har da waɗanda suka girme shi.

Muna haɗuwa ranar Asabar ta farkon kowane wata a ɗakin baya na gidan shan kofi da ke bakin kasuwa, daga ƙarfe goma zuwa uku. Kujerar Omke tana jikin tagar arewa, don ya ce hasken can ba ya yi wa azurfa kwalliya. Duk wanda zai sayar da kwandala ko ya yi musanya, sai ya fara ajiye ta a kan koren ƙyallen da ke gabansa. Matakansa huɗu ne, irin na iyayenmu: mai kyau, mai kyau sosai, gangariya, sai sabuwa fil. Zai kama ta ta gefe da yatsu biyu, ya karkata ta, ya duba gashin kan sarkin da ke jikinta da gilashinsa ko ya soma shafewa. Daga nan sai ya rufe ido ya kai ta hanci.

Shinshinar tana da dalili. Mutanen nan, waɗanda ke wanke dakalin ƙofar gida da buroshi duk Juma'a, ba sa iya ganin azurfa ta yi duhu su ƙyale ta. Ita kuwa tsohuwar kwandala da zarar an goge ta, rabin darajarta ya tafi. Omke a gidansa ya koyi wannan. Shekarar da aka yi masa aikin gwiwa, matarsa Baukje ta zauna ta goge masa dalolin azurfa sittin da ɗaya da man goge cokula, don ya dawo ya yi murna. Ya ce mana ya gode mata, ya ci abincinsa, sannan ya fita lambu ya daɗe yana kallon kabeji. Tun daga lokacin hancinsa ya san man goge azurfa, ya san ruwan tsami, ya san kuma gwaiduwar ƙwai da masu wayo ke amfani da ita su mayar wa gogaggiyar kwandala da duhunta.

Ni ne magatakardan ƙungiyar, Siebren Hylkema, akawu a ofishin rajista na gari. Tun 2004 nake zama a hagun Omke da littafi, ina rubuta kowace kwandala: shekararta, mai ita, tabon da za a gane ta da shi, matakin da ya ba ta, da lokacin da ya faɗa. Ba wanda ya sa ni rubuta lokaci. A ofis haka muke yi, hannuna ya saba.

A taron watan Mayun bara Rixt Algra, likitar haƙori, ta kawo shawara. Ita tana aika kwandalolinta wani kamfani a ƙasar waje, su duba su ba da lamba tsakanin ɗaya da saba'in, su rufe kowace a ɗan gidan roba mai garai-garai wanda ba ya buɗuwa sai an fasa. Ta nemi daga gwanjon ƙarshen shekara kada a karɓi kwandala sai mai wannan gida. Kowa ya san ma'anar hakan: kujerar jikin taga ba ta da sauran aiki.

"Omke, ba raini ba ne," in ji ta. "Amma mai saye daga wani gari bai san hancinka ba. Lamba yake so."

"Likita, ni ma ba raini ba ne, amma abin da kika kawo makara ce," ya ce yana juya gidan robar. "An sa sarki a ciki an rufe. Ta ina zan ji ko ya yi wanka?"

"Mutum uku ne suke dubawa kafin su rufe."

"Su ukun mura suke yi?"

Shugabanmu Auke Terpstra, tsohon direban bas, ya buga cokali a jikin kofi. Aka tsayar cewa za a kaɗa ƙuri'a a Nuwamba, kafin nan kuma a gwada kowane ɓangare. Rixt za ta fasa guda biyar cikin nata ta sake aika su kamar sababbi, a ga ko kamfanin zai maimaita lambarsa. Ni kuma in bi littattafaina in fito da duk kwandalar da ta taɓa zuwa gaban Omke sau biyu, a ga ko shi ma ya maimaita maganarsa. Da aka ambaci littattafan na lura Auke ya sunkuyar da kai yana duban biskit ɗinsa, amma ban kawo komai a raina ba.

A watan Yuni Rixt ta zo da filaya, ta fasa gidajen biyar a gabanmu, na rubuta lambar kowace. Omke ya roƙi a bar shi ya gaisa da su kafin a mayar da su kurkuku. Huɗu ya shinshina ya ajiye su gefe. Ta biyar, dalar azurfa ta 1874 mai lamba sittin da biyu, ya riƙe ta ya daɗe.

"Wannan ta sha mai, sannan ta ci ƙwai. Akawu, rubuta."

Na rubuta, ƙarfe goma da minti arba'in.

Hutun bazara na yi shi a teburin kicin da littattafai goma sha tara. Na sami kwandala arba'in da ɗaya da suka zo sau biyu, yawanci bayan sun sauya hannu da shekaru. Ashirin da tara ya ba su mataki ɗaya duka zuwan biyu. Goma sha biyu sun bambanta. Wannan bai dame ni ba sosai, sai da na jera su na dubi layin lokaci. A sha ɗaya daga cikin sha biyun, babban matakin bayan ƙarfe ɗaya na rana aka ba shi. Na koma na ƙirga duk inda ya ce an goge kwandala, sau ɗari biyu da shida. Ɗari da casa'in da takwas kafin sha biyun rana ne.

Ƙarfe sha biyu muke tashi hutu, kuma kowa ya san inda Omke yake zuwa: rumfar mai kifi da ke gaban gidan kofin. Ɗanyen kifin gishiri biyu yake ci, ya kama ta wutsiya ya ɗaga kai, kowanne an birkita shi cikin yankakkiyar albasa.

Na yi sati biyu da takardar a aljihun kwat. Ba zan iya sauya lamba ko ɗaya ba, ba na kuma so ya fara ji a gaban mutane. Wata Alhamis da yamma na hau keke na tafi gidansa. Baukje ta kawo kofi da gwangwanin biskit, muka ɗauki ɗaya ɗaya ta rufe. Na shimfiɗa masa takardar. Ya bi ta da yatsa har ƙasa, ya sake komowa sama.

"Albasa," ya ce a hankali. "Siebren, shekara talatin da huɗu ina korar mutane daga ɗakin cuku saboda albasa. Ni na rubuta dokar na manna a ƙofa. Ba albasa, ba taba, ba turare."

"Ai na sha gaya maka," in ji Baukje daga kicin. "Ranar Asabar ko madara ta ƙone a gabanka ba ka ji."

"Ke ki yi shiru, mai goge sarakuna."

Na ce masa abin da aka sa ni shi ne in faɗi nawa suka dace nawa suka bambanta. Layin lokaci ba ya cikin umarnin, ina iya barin sa.

"In ka bar shi, littafinka ya zama irin hancina na bayan azahar," ya ce. "Karanta duka. In sun karɓe kujerar, ai akwai kabeji."

Ranar ƙuri'a mutum ashirin da biyu suka zo, har da waɗanda rabonmu da su tun Kirsimeti. Omke ya sa taye. Rixt ce ta fara, kuma ba ta ɓoye komai ba. Biyu sun dawo da lambarsu ta da. Ɗaya ta hau da mataki guda, ɗaya ta sauka da guda. Dalar 1874 kuwa kamfanin ya ƙi ba ta lamba gaba ɗaya, ya rubuta a jikin robar cewa an taɓa goge ta.

"Kamfanin da ya ba ta sittin da biyu shekara uku da suka wuce," in ji ta. "Omke, wannan ka ci."

Aka tafa masa, amma bai ɗaga kai ba, don ya san abin da ke hannuna. Na miƙe na karanta: arba'in da ɗaya, ashirin da tara, goma sha biyu. Sannan na karanta layin lokaci, na ambaci rumfar kifi a jimla ɗaya na zauna. Na zaci ɗakin zai yi tsit. Sai na ji wani ya shaƙe dariya a baya, wani ya kama, kafin ka ce me rabin ɗakin suna share hawaye. Auke ya rufe fuska da hularsa.

"Me ya faru?" in ji Omke.

"Omke, ka yafe mana," Auke ya ce ta cikin hular. "Kowa ya sani. In za ka saya, ka kai masa da safe. In za ka sayar, ka jira ya ci kifi."

"Kowa?"

"Ban da kai da akawu. Da likita, ita ba ta daɗe da shigowa ba."

"To wa yake ce wa mai kifin ya ƙara mini albasa?"

"Duk mai kayan sayarwa a ranar, shi ne kuma yake biyan kuɗin kifin. Akwai Asabar ɗin da muka yi karo-karo mu uku."

Omke ya jingina da kujera ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Shekara goma sha tara ban taɓa sa hannu a aljihu a rumfar nan ba. Ni ina can ina gaya wa Baukje irin son da ake yi mini."

"Ana son ka mana," wata murya ta ce daga baya. "An fi son ka ne bayan ƙarfe ɗaya."

Da dariya ta lafa sai Rixt ta nemi takardata. Ta duba ta kamar hoton haƙori, ta yi 'yan rubuce-rubuce a gefe. Ta ce in aka ware na safe da safe kawai, kwandala goma sha bakwai ne, kuma Omke bai saɓa wa kansa ba ko sau ɗaya. Na duba, haka ne, ni ban raba su ta nan ba.

"Kamfanina biyu cikin biyar, hancin safe sha bakwai cikin sha bakwai," ta ce. "Biyar ba su isa a yanke wa kamfani hukunci ba, kuma zan ci gaba da aika nawa, don mai saye ɗan Jamus ba zai zo Bolsward ya yi magana da hanci ba. Amma na janye batun hana kaya shiga gwanjo. Ina da wata shawarar a madadinta: kujerar taga ta rufe ƙarfe sha biyu daidai."

Mutum goma sha shida suka ɗaga hannu, ciki har da Omke, wanda ya riga kowa. Biyar suka ƙi, kuma na lura dukansu masu yawan sayarwa ne. Auke bai ɗaga ko ina ba, ya ce shugaba ba ya shiga. Aka ƙara cewa in kwandala tana da lambar kamfani, in buɗe mata layi kusa da matakin Omke, mai saye ya ga duka biyun ya zaɓi wanda zai yarda da shi.

Yanzu layi yake tun kafin ƙarfe goma. Bana Omke ya cika saba'in da tara, ya sauya gilashi sau biyu, amma hancin bai nuna alamar gajiya ba. Har an fara zuwa daga garin Sneek da kwandaloli a cikin roba ana tambayarsa ko a fasa. Yakan ce shi ba ya sa mutum ya fasa abin da ya biya, amma in an fasa yana nan.

Asabar ta farko bayan ƙuri'ar, da sha biyu ta yi ya naɗe koren ƙyallensa ya fita rumfa, na bi shi. Ya tsaya ya ɗan waiwaya, ba wanda ya taso ya biya masa. Yana lalubar jakar kuɗinsa sai ga Rixt ta ƙetaro titi, ta ce wa mai kifin a ba shi biyu, a cika albasa.

"Likita, me za ki sayar?" ya tambaye ta.

"Ba komai, Omke. Ka riga ka tashi daga aiki."

Ya kama kifin ta wutsiya, ya dube ni. "Akawu, wannan kada ka rubuta lokaci."